Tayar Damina

Pak Tukiman, wato Malam Tukiman a yarensu, na durƙushe a gindin babur mai lamba sha bakwai lokacin da manaja Bu Ratri ta karanta musu takardar. Kamfanin da ke ƙera baburansu ya gaji. Shekara uku ƙungiyarsu ta tseren babur ba ta ɗauko kofi ba. Ranar Lahadi ne tseren ƙarshe na bana. In mahayinsu Galih bai shigo cikin ukun farko ba, kamfani zai zare hannunsa, mutum goma sha biyu kowa ya kama gabansa.

"To, madalla," in ji Galih. "Dama surukina na neman mai tura masa amalanken taliya."

Aka yi dariya, ban da Tukiman. Shi ne babban makaniken ƙungiyar, shekararsa sittin da ɗoriya, magana kuwa sai ta zama dole. Ya goge hannu, ya karɓi takardar, ya ninke ya sa aljihu.

Kowa ya san ciwon babur ɗin. Injin ba shi da ƙarfi a miƙaƙƙen titi, in ƙasa a bushe take na takwas yake zuwa. Amma Galih a kan kunyar gonar shinkafa ya koyi tuƙi, da buhu biyu a baya. In titi ya jiƙe, babu mai ganin ƙeyarsa.

Sai dai ruwa ba zai zo ba, don masu shirya tsere sun aika wa Mbah Terang, mai ɗaure ruwa. Ba ta zuwa fili, 'yan kaɗan ne ma suka san fuskarta. Daga gidanta take aiki, can bayan tsauni: ta soke barkono da albasa a tsinken tsintsiya ta kafa a ƙasa, ta kwana uku ba wanka, ba kuma a wanki a gidan sai an tashi tsere. Shekara goma sha tara ko yayyafi ba a taɓa yi a ranar da aka ba ta ba. Ruwa na Allah ne, liman ya sha faɗa, kowa kuma ya yarda. Duk da haka, in aka ce Mbah Terang, ba mai kwance tayar damina daga leda.

Juma'a da Asabar aka yi gwaji, rana ƙwal. Galih ya zo na tara.

"Pak Man, wannan rigar taka fa," Galih ya ce wa Tukiman yana cin shinkafa a ganyen ayaba. "In ka cire ta yau, da ƙafarta za ta tafi gida."

"Miƙo sifana," in ji Tukiman.

Ran Lahadi Pak Hendarto, wakilin kamfani, ya iso daga Jakarta da farin takalmi. Aka ba shi kujera da kofi, ya zauna yana duban rumfar ƙungiyar kamar mai lissafin motar da za ta kwashe kayan. Tukiman ya makara kaɗan. Ya shigo da wankakkiyar riga wadda ko bushewa ba ta gama yi ba.

Hadari ya haɗu a kan tsauni, baƙi ƙirin. Ƙungiya ashirin da ɗaya, babu wanda ya ɗaga kai sau biyu. Kowa ya ɗaura tayar rani, sumul, mai kama busasshen titi.

"Tayar damina," in ji Tukiman.

Bu Ratri ta ja shi gefe. "Pak, in ba a yi ruwa ba, zagaye bakwai titi ya cinye ta."

"Na sani."

"Me ka gani?"

"A ɗaura dai."

Shekara goma sha huɗu suna aiki tare, ba ta taɓa jin ya nemi abu sau biyu ba. Ta runtse ido ta ce a ɗaura.

Makaniken rumfar maƙwabta ya leƙo, ya ga taya mai zane, ya riƙe ciki. "Mas Galih! Dashen shinkafa za a je? Ku tsaya in ara muku malafa!"

Aka kaɗa tuta. Zagaye na biyu Galih ya koma na sha biyu, na huɗu ya koma na sha shida. Hendarto ya dubi agogo, ya tambayi ƙarfe nawa jirgin ƙasa ke tashi. Bu Ratri ta daina kallon titi, ta koma kallon takalminta.

A zagaye na shida wani abu ya ce tas a kan kwanon rumfa. Sai wani. Kafin a ce me, ruwa ya ɓalle kamar an kifar da randa.

Mahayin da ke kan gaba ya sulale a kwanar farko ya faɗa cikin tarin tsofaffin tayoyi, ya miƙe lafiya yana nuna sama da hannu biyu. Uku suka bi shi. Sauran suka koma tafiyar mai ɗauke da ƙwai. Galih ya bi ta tsakaninsu ɗaya bayan ɗaya, ruwa na tashi a bayansa, da ya zo daidai rumfar maƙwabta har da ɗaga musu hannu. Shi ya fara tsallake layi, na biyu bai ko fito daga kwanar ƙarshe ba.

Rumfa ta kacame. Hendarto, farin takalminsa ya koma kalar kunu, yana ta ihu a waya cewa a shirya musu sabon inji na baɗi. Da ya gama ya nemo Tukiman, ya same shi yana jera sifanu a akwati.

"Pak, don Allah faɗa mini. Shekara goma sha tara matar nan ba ta taɓa kuskure ba. Yaya aka yi ka sani?"

Tukiman ya rufe akwati.

"Jiya na karanta mata takardarku," ya ce. "Da asuba ta tashe ni ta ce, maigida, ɗora mini ruwan wanka."