Ƙarfe Biyar a Cikin Hankici

Yana laluben makullin gida a jakar aikin matarsa ya same su: ƙananan ƙarafa biyar, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, duk a lanƙwashe, an naɗe su a hankici kamar 'yan kunnen gwal.

Tela ya san ko mene ne. Maratayin giya ne, ɗan ƙarfen da ke riƙe da abin canjin giya a gefen tayar baya ta keke. Matarsa ce ta koya masa sunan, ita kuma ta koya a bakin Sifana, mai gyaran keke na bakin titi. To, nan gizo ke saƙa.

An ce kishi kumallon mata. Wanda ya fara faɗar haka bai taɓa ganin Tela yana leƙen rumfar Sifana ta tagar shagon ɗinkinsa ba, allura a baki, rigar mutane a ƙasa.

Matar tasa ma'aikaciyar jinya ce, a keke take zuwa asibiti. Sau biyar cikin wata huɗu ta dawo tana cewa sarƙa na tsalle, giya na ƙas-ƙas, sai ta biya wajen mai gyara. Sifana kuwa ga wushirya, ga fara'a, ga iya bayani. Shi ya gaya mata wai da gangan ake yin ƙarfen da laushi, don in an bugi keke shi ya lanƙwashe, jikin keken ya tsira. Wai in an miƙe shi sau ɗaya, na biyu karyewa zai yi, sarƙa ta faɗa cikin taya. Tana maimaita wannan karatu a gida, Tela yana jin kamar ana zuba masa garwashi a ƙirji.

Abin da ya fi ci masa rai, shi ba mijin banza ba ne. Tun da aka sace keken maƙwabci a ƙasan bene, kullum da yamma shi ke sauka ya saɓa nata a kafaɗa, ya hau hawa uku ta matsattsiyar matakala mai koren ƙarfe, yana haki, keken na ƙwaram-ƙwaram. Matan benen har gori suke yi wa mazajensu da shi, shi kuwa yana jin daɗin haka ba kaɗan ba.

Amma kwanan nan sai ta tsiro da sabon salo. "Bar shi, maigida, yau ni zan hau da shi." Ko kuma, "Da ka juya shi ɗaya kafaɗar, ko ka huta."

"Ni za ki koya wa ɗaukar kaya?" in ji shi, ya fizge keken. A ransa kuwa ya ce ruwa ba ya tsami banza. Tun da hannun Sifana ya taɓa keken nan, nasa hannun ya zama abin ƙyama.

Da safe ya shimfiɗa hankicin a kan tebur, kusa da kofin shayinta.

"Waɗannan fa? Tsaraba ce?"

Ta dubi ƙarafan, ta dube shi. "Tsofaffin ƙarafa ne," ta ce a hankali.

"Tsofaffin ƙarafa ake naɗewa a hankici? To yau ki zaɓa, ko keken nan ko gidan nan."

Ba ta yi kuka ba, ba ta rantse ba. Ta ɗauki jakarta ta fita a ƙafa. Shekara tara suna tare bai taɓa gaya mata magana irin wannan ba, amma shirun nata ya ɗauke shi shaida. Mai gaskiya ai musu yake yi.

Ya sauko da keken, ya tura shi har rumfar Sifana. Ya shirya dabara a hanya: zai ce shi yayanta ne, don bakin mutumin ya saki.

"Ƙanwata ce ta aiko ni," in ji Tela, yana haɗiye zuciya.

"Allah sarki, Nas! Sannu da zuwa, Yaya." Sifana ya rataye keken, ya juya feda. Sarƙa ta yi tsalle. Ya tsuguna ta baya, ya rufe ido ɗaya. "Ya sake! Shekaranjiya fa na sa sabo."

Tela ya zazzage hankicin a kan benci. Sifana ya jera ƙarafan, ya kwance na jikin keken ya ajiye kusa da su. Duka shidan sun karkata ciki, ba wanda ya fi wani.

"Ka gani? Faɗuwa ba ta lanƙwasa ƙarfe shida iri ɗaya."

Tela ya kafe shi da ido. "Kenan da gangan ake yi, don a samu dalilin zuwa."

Sifana ya yi dariya har wushiryar ta fito. Ya sa farce ya kankaro wani ɗan koren fenti a jikin abin canjin giyar, ya miƙa masa a kan yatsa.

"Wane irin gangan, Yaya? Kai da kake babba, don Allah ka yi wa mijinta magana cikin hikima. Shi ke buga shi a kwanar matakala kullum. Tun na farko na gaya mata, ta ce a duk benensu shi kaɗai ke ɗaukar wa matarsa keke, gara ta yi ta sauya ƙarfe a ɓoye da ta kunyata shi."