Motar da Ta Daina Shan Mai

Injiniya bai taɓa shiga ajin injiniyanci ba. Tsohon akawu ne da ya yi ritaya, sunan kuma shi ya raɗa wa kansa. A benci na ƙofar shagon wanzami, inda dattawan layi ke taruwa da hantsi, yakan ce motarsa ba ta san hannun kowa ba sai nasa: ba bakanike, ba direban aro, ko matarsa iyakarta kujerar gefe.

Motar ce dai ta so ta kunyata shi. Ta kama shan mai kamar ana zuba wa rairayi, salansa na fitar da baƙin hayaƙi. Wani ya ce masa sensar iska ce ta mutu, wato 'yar na'urar da ake ɗaurawa a jikin salansa, mai gaya wa inji yawan man da zai sha. Ya tafi wurin masu fasa tsofaffin motoci, aka kwanto masa ɗaya daga wata mota da gabanta ya lotse har sitiyari.

"Mai motar fa?" ya tambaya.

"Allah ya jiƙanta," in ji mai kayan. "Wata 'yar gajeriyar mata ce."

Washegari ya iso benci da tsumma ɗaure a yatsu biyu, ya ce ya ɗaura sensa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kofin shayi. Yadda sifana ta zame ta kwashe masa fata kuwa, bai kawo zancen ba.

Aka kwana biyu, hayaƙi ya ɗauke. Allurar mai ta daina sauka. Ya je kasuwa ya dawo, tana nan a rabi. Ya kai ziyara bayan gari, da ya duba washegari sai ya ga ta ɗan haura.

A benci labari ya yi fiffike. Ya ce ko ƙanshin gidan mai motar ta shaƙa ya ishe ta mako guda. Dattawa suna dariya, shi ma yana yi, amma tasa a leɓe take tsayawa, don akwai abin da shi kaɗai ya sani.

Wata rana da ya tashi daga barcin ranarsa, wanda ko rufin gida ya faɗo ba ya katse shi, ya shiga mota sai gwiwoyinsa suka bugi sitiyari. An matso da kujera gaba. Madubi ya sunkuyo, daidai idon mutum gajere. Ya taɓa murfin inji, da ɗumi.

Ya shiga gida da sauri. Matarsa na tsaye kan 'yar kujera tana sauko da tukunya daga saman kabad.

"Malam, lafiya? Ka yi fari fat."

"Lafiya lau," ya ce. Ya zauna a kujerar falo, bai ma lura matashinta ba ya nan ba.

Abin ya ci gaba. Kullum ya mayar da kujera baya, kullum ta dawo gaba. Ya daina juya baya in yana tuƙi, ya daina kallon madubi. Daga ƙarshe ya yanke shawarar mayar wa matacciya kayanta. Ya zura hannu ƙarƙashin kujera, inda ya cusa sensar cikin tsumma tun ranar da tsohuwar sensar motarsa ta ƙi kwantuwa. Ga tsumma, babu sensa.

Ya kwanta ƙasa ya leƙa ƙarƙashin mota. Ga ta can a jikin salansa, an ɗaure ta tamau, an jona waya tsaf.

A ranar ya aika wa dillali. Motar da ya tara kuɗin sallamarsa ya saya, wadda yake goge ta kafin ya wanke fuskarsa, zai rabu da ita ko nawa aka taya.

Dillali ya zo da mai saye, dattawan benci suka biyo su kallo. Ganin jama'a, bakin Injiniya ya manta da tsoro.

"Ba ta shan mai," ya ce. "Sensa ce sabuwa, ni na ɗaura da hannuna. Kuma tun da na saye ta, babu wanda ya taɓa zama a kujerar nan sai ni."

Matarsa ta fito da mayafi, matashin falo a hammata. Ta gaishe da baƙi, ta zare makulli daga hannunsa, ta shiga ta zauna kan matashin, ta ja kujera gaba, ta sunkuyo da madubi.

"Malam, in sayarwa za ka yi, bari in fara ƙone man da na zuba jiya," ta ce. "Sensar kuma a ƙarƙashin kujera na tsince ta, bakanike ya ɗaura min ita ranar da na fara koyon tuƙi, kana barci."