Waƙa a Ƙarƙashin Bene

Ɗan kwana-kwana ya kutsa cikin ramin da rarrafe, ƙura na cika masa baki. Benen ya rufta tun da hantsi, kuma an ce akwai sauran mai rai a ƙasa.

Kwatsam ginin ya sake motsawa, ɓaraguzai suka toshe hanyar da ya shigo. Fitilarsa ta mutu. Ya ƙwalla wa shugabansu kira, shiru. Tsoro ya kama shi, ya kasa gaba ya kasa baya.

Sai ya ji murya can ƙasa-ƙasa. Mace ce ke waƙar rarrashin jariri da wani yare da bai taɓa ji ba. Bai gane ko kalma ɗaya ba, amma ya ji kamar an goya shi ana jijjigawa. A hankali zuciyarsa ta kwanta.

"Akwai jariri a nan," ya ce wa kansa. "Tashi, malam!"

Ya bi muryar yana tono har yatsunsa suka fashe. Ya tarar da wata tsohuwa, baƙuwa daga wata ƙasa, katako ya danne mata ƙafa. Daga sama abokan aikinsa suka huda kankare, haske ya shigo.

"Sannu, Mama! Ina jaririn?"

Ta miƙo hannu ta shafa kansa, ta ce da gurguwar Hausa, "Babu jariri, ɗana. Kai na ji kana kuka."