Kalmomin Sajo Goma Sha Biyu

"Yeeso!" Sajo ya ƙwala ihu, 'yan baya huɗu suka matsa gaba a tare kamar an ja su da igiya ɗaya. Da Fulatanci kalmar na nufin gaba, kuma shekara guda cur tana jefa maharan kowace ƙungiya cikin satar gida. Yau kuwa mai lamba tara na Rukuba Hills taku biyu kawai ya ja da baya, ya karɓi ƙwallo hankali kwance, ya wuce ya zura ta a raga. Minti na tara ke nan.

Sajo ne kyaftin ɗin Laranto Bulls, shi ne kuma ya kawo dabarar. A filayen Jos kowa na jin Hausa, kowa na jin Turanci da buroka, in ka ce wa ɗan'uwanka ya matsa hagu, to har mai sayar da rake a bakin ƙofa ya ji. Sai Sajo da Ahmadu mai tsaron raga, su biyu ne Fulani a ƙungiyar, suka zaɓi kalma goma sha biyu suka koya wa sauran. Har koci Mwadkon, wanda Hausarsa ma da ƙyar take tsayuwa, ya hardace su tsaf. Da kalmomin nan suka kai wasan yau, wanda duk ya ci zai hau babban lig, inda ake sa hannu a takarda, ƙwallo ta zama aikin yi na gaske. Sajo shekararsa talatin da ɗaya. Ya san ba zai sake ganin irin wannan rana ba.

'Yan Laranto suka sami bugun kwana. "Ɓaawo!" in ji Sajo, wato a cilla ta baya, can ƙarshen raga. Kafin ƙwallo ta sauka, mai lamba tara ya riga shi isa wurin, ya sa kai ya fitar.

Sajo ya bi mai lamba taran da kallo. Ai ya bi sunayen 'yan Rukuba ɗaya bayan ɗaya tun makon jiya, babu Bafulatani ko na magani. Wannan mai lamba taran ma Chukwudalu sunansa, ɗan Nasarawa Gwom, ban da buroka ba a taɓa jin wani yare a bakinsa ba.

Sajo ya ɗaga kai wajen 'yan kallo, ya hango mahaifiyarsa Hajjo da zanenta na zuwa biki. Abin ya ƙara masa nauyi. Tsohuwar da ke cewa ƙwallo guje-gujen marasa shanu ce, wadda ba ta barin ƙwaryar kindirmonta a tashar Laranto ko da zazzaɓi, yau ce ranar farko da ta tako filin wasa. Kwanan nan dai ta sake, tana yawan labarin wani ɗan kirki da ke zama wurinta kullum da la'asar, kofi uku na kindirmo yake sha, ga tambaya kamar alƙali. Sajo bai taɓa tsayawa ya saurari ƙarshen labarin ba, kullum yana saurin zuwa atisaye.

Aka zura musu ta biyu. Ya ga Hajjo tana tafi. Baiwar Allah, ba ta ma san ragar wa ce ba.

A hutun rabin lokaci babu mai kallon idon Sajo. Kowa ya san a farkon kaka manyan Rukuba sun zo har gida suna zawarcinsa. Ya ƙi, amma an ga motarsu a ƙofarsa.

"Sajo, wane ya sayar da mu?" in ji Mwadkon. "Talk true."

"Wallahi, oga, ban sani ba."

Sajo ya ja Ahmadu gefe. Suka yanke a watsar da kalmomin nan, su biyu su riƙa magana da cikakken Fulatanci, irin na ruga, wanda ko 'yan ƙungiyarsu ba za su tsinci komai a ciki ba.

Aka dawo. Ahmadu ya riƙe ƙwallo, Sajo ya ce masa da Fulatanci ya yi kamar zai buga doguwa, sai ya gangaro masa ita ta hagu. Ahmadu ya gangaro. Chukwudalu na can tsaye yana jiranta kamar shi aka aika wa. Uku ba ko ɗaya.

Ahmadu ya miƙe daga ƙasa ya zuba wa Sajo ido. Su biyu ne suka ji maganar, kuma Ahmadu ya san ba shi ba ne. Sajo ya buɗe baki ya rasa da wane yare zai rantse. Sauran minti talatin ɗin shiru ya buga su, yana bin ƙwallo, 'yan kallon Laranto na kiran sunansa haɗe da zagi.

Da aka tashi, Mwadkon ya kwance ƙyallen kyaftin daga damtsensa da hannunsa, ya ce kada ya zo atisaye ranar Litinin. Sajo bai yi musu ba. Hujjar me gare shi?

A bakin ƙofa ya tarar da Hajjo, fuskarta fal murna.

"Inna, da kin san abin da za ki gani, da ba ki zo kallona ba."

"Kai kuma? Ni gayyata ta aka yi."

Sai ga Chukwudalu ya ratso jama'a, gumi na zuba, ya zo gabanta ya durƙusa har ƙasa. Hajjo ta dafa kansa, ta juyo ga Sajo cike da alfahari.

"Ga ɗan nawa na tasha da nake ba ka labari, wata huɗu ina koya masa Fulatanci, gaishe shi ka ji yadda bakinsa ya faɗa."