Idon Hagun Sama'ilu

Sau biyu Sama'ilu ya kai hannu kafin ya kama makullin motar. Hajja Gumsu, yayar maigidansa, tana tsaye a ƙofar zaure kamar kowace safiya, ta miƙo masa shi ta hagunsa.

"Alhaji ya ce daga yau Kazaure za ka riƙa yi, ka dawo kafin la'asar. Daudu zai karɓi hanyar Kano."

 Shekara goma sha shida Sama'ilu yana jan gingimarin Alhaji Dunoma daga Babura zuwa Kano, ya kai hatsi ya dawo da siminti, tunda kuɗin mai sun sa kowa gini. Wata bakwai ke nan kuma da yanar ido ta rufe masa idon hagu. Ko matarsa bai faɗa wa ba. Direba mai ido ɗaya sallama ce makomarsa, ga baki tara a gida suna jiransa.

To, wa ya kai tsegumi?

Alhaji dai bai gani da idonsa ba. Tun shekarar da aka canja fam zuwa naira ciwo ya kwantar da shi, bai ƙara leƙo waje ba. Amma daga kan gado yake juya motoci huɗu da sito biyu, kasuwa kuwa sai haɓaka take. Umarninsa ta bakin Hajja yake fitowa, tsohuwar da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙaninta. Ma'aikata sukan gaishe ta sama-sama, su karɓi saƙo su wuce.

Mutum biyu Sama'ilu ya sa a ransa. Na farko Daudu, wanda ya daɗe yana lashe baki a kan hanyar Kano. Na biyu Bartholomew makanike, wanda sau uku yana ɗaura masa madubin hagu a wata guda, yana kallonsa ta wutsiyar ido.

Ya tarar da su a teburin mai shayi, Bartholomew na ta zuba, wai a garinsu mata ne ke da motoci, kuma direbobinsu ba sa gudu.

"Mace?" Sama'ilu ya yi tsaki. "Tausayi zai cinye jarin kafin damina. Kasuwa sai namiji mai tauri irin Alhaji."

Ya faɗa da ƙarfi, amma ya san taurin nan da yake yabo shi ne zai raba shi da abincinsa.

Sai ya ɗana tarko. Ya ja Daudu gefe ya ce masa ciwon baya ke damunsa. Ya keɓe da Bartholomew ya ce wani ɗan kwangila a Roni na zawarcinsa. Duk ƙaryar da ta fito daga bakin Hajja, ya san munafukinsa.

Sati biyu ya yi yana kasa kunne. Ba maganar baya, ba maganar Roni. Kullum dai makulli ta hagu, kullum sai ya laluba. Ya daina cin abinci da kowa. Har matarsa ya fara harara, ko ta ga yadda yake karkatar da kai in zai zura zare a allura, ta kai labari cikin gida wajen biki.

Ranar wata Juma'a da hantsi aka ce ya shiga zaure. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Alhaji ya ce ka ajiye tuƙi," in ji Hajja.

Shi ke nan, abin da yake gudu ya iso. Ya sunkuyar da kai.

"Jibi Daudu zai kai ka asibitin ido a Kano. In ka dawo, kai ne babba a siton hatsi, albashinka yana nan yadda yake. Da ma ka faɗa tun farko, Sama'ilu. Ran mutane ne a kan hanyar nan, har da naka."

Hawaye suka zubo masa, ya ji kunya ta rufe shi. Amma zargin bai sake shi ba.

"Hajja, don girman Allah, wa ya gaya wa Alhaji?"

"Ba wanda ya gaya masa."

"To a bar ni in yi masa godiya da bakina. Ko daga bakin ƙofa ne."

 Hajja ta tashi, ta ce wa matan gida su kauce, ta shige gaba zuwa turaka.

Alhaji Dunoma na kwance, ya rame kamar kara, idanunsa na kallon rufin ɗaki. Sama'ilu ya zube ya jero godiya, ya yabi hangen nesansa, ya ce gida sai da namiji irinsa. Ya jira amsa. Shiru.

Hajja Gumsu ta zauna a bakin gadon, ta sa gefen mayafinta ta goge wa ƙanin nata yawun da ya gangaro.

"Ya isa haka, Sama'ilu," ta ce a hankali. "Shekara huɗu ke nan rabon da ya furta kalma ko ya gane mutum."