Gida na Biyu a Kan Dutse

Yayana ya shimfiɗa zanen ginin a falona da ke unguwar Bani Malik a Jidda, ya miƙo mini biro.

"Sa hannu, yalla, ke ma da gadonki a ciki. Gida na biyu za mu ƙara, jikin ɗakin Umma. Masu haya sun yi wa ɗaya yawa."

Babanmu ne ya gina gidan a duwatsun Ɗa'ifa, nesa da kowa, don ƙirjin Umma ba ya jure zafin Jidda. Da ya rasu, Yaya ya sa shi haya ga masu zuwa hutu, ya mayar da ita ɗakin baya. Kullum na kira ta, sai ta ce lafiya lau, iska da daɗi.

"Bari in ga tallar hayar tukuna," na ce.

Ya ba ni wayarsa yana murmushi. A ƙarƙashin tallar, baƙi sun yaba hazo, sun yaba shiru. Wata ta rubuta da Larabci: "Baƙar tsohuwar nan 'yar aikinsu akwai kirki. Ta kawo mana shayi da na'ana'a, ta wanke kwanuka, ta ƙi karɓar ko riyal."

Na san Umma. Duk wanda ya kwana a gidanta baƙonta ne.

A ƙasa ga amsar Yaya: "Mun gode. Ta daɗe tana mana aiki."

Na ajiye biron a kan zanen.

"Ta daɗe kam, Yaya. Shekarunka arba'in da uku, ka ƙara da wata tara."