Muryar Baban Hajjo

"Umma, tunda Baba ya rasu, wa ke magana a motar nan?" in ji 'yata Hajjo.

Doka ta ce ba mai shiga hamada sai da murya mai nuna hanya a motarsa. Ni muryar marigayi mijina na zaɓa.

A Rijiyar Waliyyai, daga nesa ake kashe mota, a ƙarasa ba takalmi. Da hannuna na kashe ta. Ina addu'a a bakin rijiyar sai muryar mijina ta taso daga cikinta: "Hajjo, matso mana."

Hajjo ta ɗaga ƙafa za ta nufi rijiyar. Na fizgo ta, na goya ta har mota.

'Yar'uwa, in za ki kai ɗanki can, kada ki zaɓi muryar da ya sani.